Kunkuru Zai Tafi Ganin Rairayi

In ka shigo gidanmu a Jahun, abin da za ka fara gani a gindin darbejiya shi ne wata tsohuwar farar bas. An cire mata kujerun baya, an sa mata labule a tagogi. A cikinta akwai gadon katako, a ƙarƙashin gadon akwai jarkoki, a bisa kanta kuma akwai farantin sola guda ɗaya. Jikokina ne suka raɗa mata suna Kunkuru, wai don tana ɗauke da gidanta a baya, ga shi kuma ba ta sauri. Tun shekarar 2024 muke shirin tafiya da ita, amma har yau ba ta wuce kasuwar Gujungu ba. Maƙwabta suna ta yi mini dariya. Ni kuwa na koyi abu cikin shirin nan wanda ban koya ba cikin shekara 35 da na yi ina aikin malamin gona. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labari tun ba mu tashi ba.

Asalin maganar tun 1982 ne, sa'ad da nake ɗan makaranta a Kano. A zamanin nan Turawa sukan ƙetaro hamada da motocinsu, su biyo ta Aljeriya, su sauka Agadas, su wuce Damagaram, su iso Kano su huta a masaukin matafiya da ke wajen Bompai. Mukan je kallonsu ran Asabar. Motocin duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure musu jarkoki da shebur da waɗansu dogayen ƙarafa a gefe. Wata rana wani dattijo da matarsa suka bar mu muka leƙa cikin tasu. Sai ga gado, ga murhu, ga wurin ajiye tufafi, kamar ɗaki sosai. Dattijon ya buɗe taswira, ya sa yatsa a tsakiyar hamadar Tenere, ya ba mu labarin wani itace da ya daɗe a tsaye shi kaɗai cikin rairayi, ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri a Bilma suna gane hanya da shi, har wani direban babbar mota ya buge shi a 1973. Ya ce an kai gungumen gidan tarihi a Yamai, an kafa na ƙarfe a madadinsa.

Na koma makaranta ran nan zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce a raina, ga mutane sun ƙetaro teku domin su ga abin da ke bayan gidanmu, ni ɗan ƙasa ban taɓa gani ba. Na yi wa kaina alkawari, wata rana zan yi mota mai ɗaki in je in gani. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, kuɗin makaranta ya zo. Alkawarin ya kwanta shekara 41, amma bai mutu ba.

Na bar aiki a 2023. Da kuɗin sallama suka fito cikin shekarar da ta biyo, sai na tafi Kano na sayo bas ɗin nan. A nan ne na yi kuskure na fari, kuma dole in faɗe shi, gama shi ne tushen sauran. Ban shawarci uwargidana ba. Ruwan 2022, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Jigawa, ya zubar mana da katangar baya, tun daga lokacin zana ce muka kafa a wurin. Ita tana jiran kuɗin nan domin a ɗaga katanga, sai ta ji ƙarar mota a ƙofar gida. Ta fito, ta zagaya motar sau ɗaya, ta ce, “Sannu da zuwa, Malam.” Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Mako uku tana kawo mini abinci, tana amsa gaisuwa, amma maganar mota ba ta shiga bakinta ba. Duk magidancin da ya daɗe da aure ya san irin wannan shiru.

Ni kuwa na duƙufa a kan taswira. Na ja layi da jan alƙalami: daga Jahun zuwa Maigatari, mu ƙetare iyaka, mu nufi Damagaram, daga nan sai Agadas. Burina shi ne gandun dajin Azbin da Tenere, wanda gwamnatin Nijar ta keɓe a 1988, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gādo na duniya a 1991. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000, wato ya fi Jihar Jigawa girma sau uku. Na kuma sa ido a kan gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka keɓe a 2012, inda ragowar wata irin farar barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho take zaune. Na rubuta kwana 21, zuwa da dawowa. Na zaɓi abokan tafiya ma ban tambaye su ba: ni, da uwargida, da autanmu wanda ya iya tuƙi, da jikokinmu biyu da muke riƙo, mace mai shekara 12 da namiji mai shekara 9.

Wani dare bayan mun ci tuwo, na shimfiɗa taswirar a kan tabarma, na bayyana mata duka. Ta saurara har na gama. Uwargidana ta yi shekaru tana aiki a ɗakin shan magani, ba ta da gaggawar magana. Sai ta ce, “Malam, tambaya uku gare ni. In ka amsa su, zan ɗaura kayana in bi ka. Ruwa nawa za mu sha? Wa ya san hanya a cikinmu? In motar nan ta mutu a tsakiyar rairayi, wa zai zo?”

Na ce ruwa ba abin damuwa ba ne, za mu cika jarkoki. Ta ce, “To, mu lissafta.” Ta ɗauko littafin aikin jikarmu da fensir. Mutum biyar, kowa lita 10 a yini, sha da dafuwa da wanke fuska kawai, ban da wanka. Lita 50 ke nan, jarka biyu kowace rana. In muka yi kwana 10 ba mu ga rijiyar da muka amince da ita ba, jarka 20 ke nan, lita 500. Kowace lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ashe rabin tan na ruwa nake shirin ɗora wa tsohuwar mota, ban sa na lagireto ba, ban sa mai ba, ban sa hatsi da mutane ba. Ga shi an cire tallafin mai tun watan Mayu na 2023, kuɗin da ya rage a hannuna ba zai kai mu Agadas ya dawo da mu ba. Mota mai nauyi kuwa ita ce take fara nutsewa cikin rairayi.

Ta ajiye fensir, ta ce, “Ka tuna mutanen Kance?” Na tuna. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Kance ne ta jihar Damagaram, masu magana da harshenmu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A 2017 kuma mutum 44 suka mutu haka nan a tsakanin Agadas da Dirku. Ta ce, “Su talauci ne ya kore su, ba su da zaɓi. Kai kuwa don kallo za ka kai 'ya'yan mutane can? In wani abu ya same su, da wane baki za ka gaya wa iyayensu?” Ta kuma tuna mini iyakar nan da nake shirin ƙetarewa an rufe ta a watan Agusta na 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa muna can.

Ban amsa ko ɗaya cikin ukun ba. Na naɗe taswirata cikin fushi. Ina tashi na ji ta ce a hankali, “Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.” Jikokin suna bayan labule suna ji. Daga ran nan ne sunan ya bi motar.

Na yi kwanaki ina jin haushi, amma haushin wanda ya san an fi shi gaskiya ne. Sai wata ranar kasuwa na tafi Gujungu sayen kanwar dabbobi. Mai kanwar dattijo ne, Bamange. Muka shiga hira, na tambaye shi inda kanwarsa take fitowa. Ya ce daga kwarurrukan ƙasarsu, arewa da Gashuwa, inda tuddan rairayi suka kewaye ruwa da dabino da goruba. Na ba shi labarin shirina da yadda ya rushe. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya ce, “Malam, in rairayi kake so ka gani, me zai kai ka Agadas? Ka zo Yusufari, mu kai ka Bulatura da Tulo-Tulo. Za ka ga tudun rairayin da in yaro ya hau kansa sai ka gan shi kamar tsuntsu.” Matambayi ba ya ɓata. Shekara 41 ina hangen nesa, ashe abin da nake nema yana maƙwabtaka da mu, a Jihar Yobe.

Da na bincika sai na tarar Bulatura tana cikin gandun daji na ƙasa mai suna Gandun Tafkin Chadi, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,258 ne, amma ba wuri guda yake ba, kashi uku ne. Akwai Cingurmi-Duguma a Jihar Borno, kusa da iyakar Kamaru. Wannan na soke shi nan take saboda rashin zaman lafiyar da ya addabi yankin. Akwai fadamun Bade da Nguru, inda tafkin tsuntsaye na Dagona yake. Sa'an nan akwai Bulatura, ƙasar rairayi da dausayi. Ban da waɗannan, a nan Jigawa muna da dajin Baturiya a ƙasar Kiri Kasamma, gabas da Haɗeja, wanda a 2020 gwamnati ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa tare da waɗansu guda tara.

Na sake shimfiɗa taswira, amma wannan karo na kira kowa da kowa, na ba jikata alƙalamin. Da muka haɗa wuraren nan da layi, sai ta ce, “Kaka, ai kogi muke bi!” Gaskiyarta. Kogin Kano da na Calawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda yake shayar da fadamunmu. Gabas da Haɗeja ƙasa ta kwanta ƙwarai, ga kuma tsofaffin tuddan rairayi a jere sun tare masa hanya. Saboda haka sai ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu cikin fadamu, ya gamu da ruwan kogin Jama'are, su zama kogin Yobe, wanda yake bi ta Gashuwa da Gaidam zuwa Tafkin Chadi. Ruwan da yake wucewa ta wajenmu da damina shi ne tsuntsaye suke iyo a ciki a Dagona da hunturu. Ko jigawar da muke noman gero a kanta a nan Jahun, masana sun ce tuddan hamada ne na dā, tun dubban shekaru, sa'ad da Sahara ta taɓa gangarowa kudu fiye da inda take a yau. Ciyawa da itatuwa ne suka danne su suka zauna. Na yi shekara 35 ina koya wa manoma aikin ƙasar nan, ban taɓa zuwa na ga 'yar'uwarta da take tafiya har yanzu ba.

Ga yadda sabon shirin ya tsaya, kwana 8 a maimakon 21. Ran fari mu bi ta Gujungu zuwa Haɗeja mu kwana. Kashegari da asuba mu shiga Baturiya tare da ma'aikacin daji. Daga nan mu nufi Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya ƙare, mu yi kwana biyu, mu ɗauki mai kwalekwale ya zagaya da mu tafki. Tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma su ne wuri na fari a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye fadamun duniya, a shekarar 2000. Baturiya da Dagona suka bi baya a 2008. Ina so yaran su ga kacala da idonsu, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cin hatsi. In sun tambaye ni dalili, zan gaya musu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani. Dā rassan kogi sukan bushe su huta, yanzu ba su bushewa, kacala kuwa abin da take so ke nan. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha ga mutane da yawa, amma mutanen ƙasan kogi sun biya wani abu a kai.

Daga Nguru sai Dagona, tafkin da mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo kallon tsuntsayensa a 1989. Mu kwana a Gashuwa, mu yi arewa zuwa Yusufari. A nan Kunkuru zai tsaya. Ba zai taka rairayi ba. Za mu yi hayar mota mai ja da ƙafa huɗu, da direba ɗan ƙasar, mu tashi da sassafe tun rairayi yana da sanyi, gama da safe ya fi ƙarfi, in rana ta take sai ya saki. Mu ga tuddai, mu ga masu aikin kanwa, mu sha inuwar dabino, mu dawo Yusufari kafin la'asar. Tambayar uwargida ta biyu da ta uku sun sami amsa ke nan: wanda ya san hanya shi zai ja mu, kuma akwai waɗanda za su san inda muka nufa da lokacin da ya kamata mu dawo.

Zaɓen lokaci ma sai da muka zauna a kansa. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa yakan yanke hanyoyin fadama. Da kaka muna gona. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, ba lokacin kai yara rairayi ba ne, ga shi kuma baƙin tsuntsaye sun riga sun tashi. Su waɗannan agwagin ruwa da sauran tsuntsayen bakin tafki daga Turai suke zuwa. In sanyi ya kama can, sai su ƙetaro teku da hamada su sauka a fadamunmu bayan ɗaukewar ruwa, su zauna tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida, su koma kafin zafi. Saboda haka muka tsai da kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da komawar yara makaranta. Wahalar lokacin ita ce hazo da sanyin dare.

Sanyin nan ne ya kusa jawo mini baƙin cikin da ba zan manta ba har in mutu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Uwargida ta ce kafin mu kwana a garin wasu cikin mota, mu fara kwana a cikinta a tsakar gidanmu. A watan Janairu na 2025 muka gwada. Kafinta ya gama gado, mai walda ya gama kariya a sama. Uwargida da jikata suka hau gado, ni da jikana muka shimfiɗa katifa a ƙasa, autanmu ya kwanta a kujerar gaba. Wajen tsakar dare sanyi ya tsananta, na ji yaron yana rawar ɗari. Na lallaɓa na tafi madafa, na zubo garwashi a kasko, na shigo da shi, na ja ƙofa, na rufe tagogi ruf. Na kwanta ina jin daɗin dabarata.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Abin da na sani shi ne na ji ana jan ƙafata, ana kiran sunana da ƙarfi, sunan da uwargida ba ta taɓa kirana da shi ba a gaban yara. Kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Ita ce ta farka da ciwon kai, ta ga jan garwashi cikin duhu, ta bankaɗe ƙofa, ta yi waje da kaskon, ta fitar da mu ɗaya-ɗaya. Jikana, wanda ya fi kusa da kaskon, ya yi ta amai, ƙafafunsa ba su ɗauke shi ba. Muka kai shi asibiti cikin daren. Allah ya yi mana jinƙai, da rana ta yi ya warware.

Ya ku iyaye, ku ji wannan ko da ba za ku taɓa yin tafiya ba. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yakan fitar da wata iska mai dafi wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata. Mai barci ba ya jin komai, sai dai barcinsa ya yi ta nauyi. Haka hayaƙin janareta yake, haka na mota in an bar inji yana aiki a rufaffen wuri. Na yi ta tsoron ƙishirwar Tenere, ashe a tsakar gidana, da hannuna, na kusa hallaka iyalina.

Da muka dawo daga asibiti na ce mata zan sayar da motar. Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta ce, “A'a, Malam. Don haka muka gwada a gida. Abin da ya same mu a nan, da a Yusufari ya same mu fa? Ka kira mai walda ya buɗe mata mashigar iska a sama, a sa mata raga. Ka sayo barguna. Wuta kuwa, daga yau a waje take.” Sa'an nan ta ƙara da cewa, “Amma katanga tukuna.” Na ce, “Katanga tukuna.” Na kuma roƙe ta gafara a kan yadda na sayo motar, abin da ya kamata in yi tun shekara guda da ta wuce. Kuɗin shinkafar da muka noma a fadama a shekarar nan duka a katanga suka tafi. Tafiya ta ja baya, amma tun daga ranar ta zama tamu, ba tawa ni kaɗai ba. Labulen da ke tagogin motar ita ta ɗinka su.

Mun yi gwaji na biyu da rana. Na ce da autanmu mu taɓa rairayi kaɗan mu ji, sai muka bi wata hanyar jigawa a bayan gari. Ba mu yi nisa ba ƙafafun baya suka nutse. Ya ƙara wuta, suka ƙara nutsewa. Sai da wani mai amalanke ya kwance shanunsa ya ja mu, yaran ƙauye suna tafi. Wani tsohon direba da ya zo wucewa ya koya mana abin da ba mu sani ba. In mota ta kafe, kada ka ƙara wuta. Ka sauke mutane da kaya, ka rage iskar taya domin ta baje a kan rairayi, ka haƙe gaban ƙafafun da shebur, ka shimfiɗa katako ko tabarma, sa'an nan ka ja a hankali. In ka fita kuwa ka mai da iskar kafin ka hau kwalta. A ran nan na gane amfanin dogayen ƙarafan da na gani a gefen motocin Turawa a 1982. Yanzu muna da famfon taya, da shebur, da katako biyu, da igiya mai ƙarfi, da safaya biyu, da fambel na ajiya. Bakanike ya nuna wa autanmu yadda zai riƙa kakkaɓe matatar iska ta inji kowace yamma saboda ƙurar hunturu.

Kowa yana da aikinsa. Autanmu mota. Uwargida ruwa da magani: jarka 6, a cika su a kowane gari ko da ba su ƙare ba, gidan sauro ga kowa, gama bakin fadama ba ya rabuwa da sauro ko da hunturu, da maganin zazzaɓi, da gishiri da sukari domin gudawa. Ta koya wa jikata awon: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta kuma kafa doka, ba mai shiga tafki wanka saboda tsargiya, kowa kuma ya zazzage takalminsa da safe saboda kunama. Jikata ce mai littafi, za ta rubuta sunan kowane tsuntsu da itacen da muka gani. Jikana mai ƙidayar jarkoki. Ni aikina takardu da gaisuwa: takardun mota, da neman izini wurin ma'aikatan gandun daji tun kafin mu tashi, da zuwa gaishe da dagaci ko bulama a duk inda muka sauka.

Batun tsaro ba mu ɓoye wa kanmu ba. Jihar Yobe ta sha wahala, an kai wa Gaidam hari a 2021, kuma labarin hanya yakan sāke. Mun yi alkawari huɗu a gaban yara. Ba tafiyar dare. Ba kwana a daji, sai a cikin gari, a harabar 'yan'uwa ko inda mai gari ya nuna mana. Kowace safiya mu tambayi mutanen wurin da direbobin tasha labarin gaba. In aka ce mu koma, mu koma, ko da muna hangen tuddan Bulatura. Na huɗun nan shi ya fi mini wuya, saboda haka muka ba uwargida ikon yanke maganar.

Wani abokina ya tambaye ni, duk wannan wahala don me? Na ce masa, sa'ad da na zo ƙasar nan aiki a 1988, nakan ga gauraka a fadama, in ji kukanta da asuba. Kwanan baya jikana ya ga hotonta a littafi, ya ce, “Kaka, wannan tsuntsun wace ƙasa ne?” Gauraka ta kusa ƙarewa a Nijeriya, ban kuwa yi masa alkawari za mu gan ta ba. Amma ina so su ga abin da ya rage tun yana nan. Ina so su tsaya a bakin ruwa a Dagona, kwana biyu bayan haka su tsaya a kan tudun rairayin da iska take turawa, su gane da kansu cewa tsakanin fadama da hamada ba nisa, kuma itacen da ake sarewa da ruwan da ake tarewa suna da hannu a ciki. Na faɗa wa manoma wannan da baki shekara da shekaru. Gani ya kori ji.

Ya mai karatu, ba sai kana da mota mai ɗaki ba. Motar haya tana zuwa Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Amma in za ka ɗauki iyalinka zuwa ko'ina, ka fara shimfiɗa taswirarka a gaban wadda za ta bi ka, ka auna tafiyar da ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikinku, ka kuma gwada kome a gida. Mu dai mun sa rana bayan Kirsimeti mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, hanya kuma ta yi kyau. Ku tuna da mu cikin addu'a. In mun dawo lafiya zan ba ku labarin abin da ke cikin littafin jikata.

Jiya da yamma na tarar da uwargida a bakin motar tana ƙirga jarkoki tare da jikana. Ta ɗago kai ta ce, “Malam, shida sun yi kaɗan. Ka ƙara ɗaya.” Gobe kasuwa, zan je in sayo.